Makaɗan Tsirkiya: Da Me Suke Alfahari?

Yara, kowane mai sana'a yana da abin da yake nunawa. Manomi ya kan nuna rumbunsa in ya cika da hatsi. Maƙeri ya kan nuna hauyar da ya ƙera, wadda ta yi damina biyar ba ta karye ba. Baduku kuwa ya kan rataye jakar jar fata a bakin rumfarsa, mai wucewa ya gani ya yaba. To, makaɗi fa? Ba a zuba kiɗa a rumbu, ba a rataye shi a rumfa. Da an tashi daga wasa, sai amo ya bi iska. Da me makaɗi zai yi alfahari ran da ya tsufa?

A cikin wannan darasi za mu duba kayan kiɗan tsirkiya. Za mu ji labarin waɗansu makaɗan jita. Daga nan za mu tsaya a kan wani malamin makaranta ɗan jaharmu ta Damagaram, mu ga abin da ya yi.

Kayan kiɗan tsirkiya na ƙasarmu

Damagaram garin kiɗa ne tun zamanin da. A fadar Sarki, cikin Birni, akwai tambari da kakaki da algaita. Waɗannan na sarauta ne, ana buga su ko a busa su. Amma a cikin gari da ƙauyuka akwai waɗansu kayan kiɗa masu tsirkiya. Ga waɗanda aka fi sani.

Gurumi ana yin shi da ƙoƙo. A rufe bakin ƙoƙon da fata, a soka sanda ta zama wuya, a ɗaura tsirkiya biyu.

Garaya ita ma tsirkiyarta biyu ce, amma cikinta na itace ne. An san ta da kiɗan mafarauta da na bori.

Molo yana da tsirkiya uku da dogon ciki na itace.

Kuntigi shi ne ƙaraminsu. Tsirkiyarsa ɗaya tak, cikinsa kuwa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Da shi Ɗan Maraya Jos ya yi suna har ya rasu a 2015.

Goge da kukuma ba a kaɗa su da yatsa. Ana goga musu izga ne, wato gashin wutsiyar doki.

Yaya tsirkiya take yin amo?

Ku sami zare mai ƙarfi, ku ɗaure shi tsakanin ƙusa biyu, ku ja shi ya miƙe sosai. Ku taɓa shi da yatsa. Za ku ga yana rawa, yana kai da kawowa da sauri. Wannan rawa ita ce take motsa iska, iska ta kawo motsin cikin kunnenmu, mu ji amo.

Amma amon zare shi kaɗai ba shi da ƙarfi. Shi ya sa ake yi wa abin kiɗa ciki. Akwai wani ɗan itace da ake sawa tsakanin tsirkiya da fata, sunansa jaki. Shi ne yake ɗaukar rawar tsirkiya ya kai wa fata. Fata ta motsa iskar da ke cikin ƙoƙo, sai amo ya ƙaru, har na nesa ya ji.

Abu uku ke sa muryar tsirkiya ta sake. Na farko tsawo: gajeriyar tsirkiya muryarta siririya ce, doguwa kuwa muryarta babba ce. Na biyu ɗauri: in an ƙara ja, murya ta hau, in an sassauta, ta sauka. Na uku kauri: mai kauri ta fi siririya babbar murya. Sa'ad da kuka ga makaɗi yana yawo da yatsunsa a wuyan gurumi, tsawon tsirkiya yake ragewa yana ƙarawa. In ya danne ta daidai tsakiya, saurin rawarta ya kan ninka sau biyu.

Jita, baƙuwar da ta zama ƴar gida

Jita, wadda waɗansu ke ce wa gitar, dokar nan ita ma take bi. Tsirkiyarta shida. Wadda ta fi kauri tana kai da kawowa wajen sau 82 a cikin sakan guda, siririyar kuwa wajen sau 330. A jikin wuyanta an jera ƙananan ƙarafa a gicciye, don makaɗi ya san inda zai danna.

Siffar jita da muka sani yau a ƙasar Sipaniya aka daidaita ta, a ƙarni na 19, a hannun wani masassaƙi mai suna Antoniyo da Tores. A shekarun 1930 mutanen Amurka suka ƙera mai aiki da lantarki, wadda ake haɗawa da lasifika. Ta iso ƙasashenmu ta hanyar Turawa da sojoji da matafiya da fayafayai. Makaɗanmu ba su tsaya kwaikwayon kiɗan baƙi ba. Sun ɗauki kiɗan da suka tashi da shi, na molo da gurumi da goge, suka ɗora mata. Da haka baƙuwa ta koyi harshen gida.

Makaɗan jita da abin da suka yi

Ali Farka Ture mutumin Niyafunke ne, a ƙasar Mali. Da ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara, kafin ya kama jita. Ya zagaya duniya, ya ci babbar kyautar kiɗa ta Amurka da ake kira Grammy. Duk da haka ya kan ce shi manomi ne kafin ya zama makaɗi. Kuɗin da ya samu ya zuba su a gonaki da aikin ban ruwa a garinsu. A 2004 aka zaɓe shi magajin gari. Ya rasu a 2006.

Abdalla Umbadugu Ba'abzine ne daga yankin Agadas. Ya yi waƙoƙi a lokacin tashin hankali a arewacin ƙasarmu, mutane suna miƙa wa juna kaset hannu da hannu. Bayan an sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, ya koma gida. Ya buɗe makarantun koyon kiɗa a Arlit da Agadas, don samari su sami abin yi. Ya rasu a 2020.

Bombino, wanda sunansa na yanka Umaru, an haife shi a 1980 kusa da Agadas. Sau biyu rikici yana raba shi da gida. A 2010, da zaman lafiya ya dawo, ya yi babban wasa a gindin tsohon masallacin Agadas, jama'a suka taru suna murna. A 2018 faifansa mai suna Deran ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa don takarar Grammy. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai wannan matsayi.

Mdu Muktar daga jahar Tawa yake. Da yana yaro ba shi da kuɗin sayen jita. Sai ya sami katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa. Bahago ne, da hannun hagu yake kiɗa. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko. Waƙoƙin nan suka riƙa tafiya daga salula zuwa salula, suka ratsa Sahara, har suka kai kunnen mutanen Turai da Amurka.

Fatu Saidi Gali ƴar ƙauyen Iligadad ce, a yankin Abalak. A can, mata kiɗan tende suke yi, jita kuwa ta maza ce. Ta ɗauki jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. A 2016 faifan ƙungiyarsu na farko ya fito. Daga ranar nan ba mai iya gaya wa yarinya cewa tsirkiya ta fi ƙarfin yatsunta.

Kun ga kowannensu yana da abin nunawa: wani gona, wani makaranta, wani kyauta, wani hanyar da ya buɗe wa na baya. Yanzu mu komo gida Damagaram. Wanda za mu yi zancensa bai yi suna da jita ba. Da ƴan'uwanta na gargajiya ya yi suna, kuma abin da ya yi ya cancanci ku riƙe shi da kyau.

Malam Mamman Barka

An haifi Mamman Barka a Tasker, arewa da Gure, a ƙarshen shekarun 1950. Iyayensa Tubawa ne makiyaya. Ya shiga makaranta, ya yi karatu har ya zama malami, yana koyar da yara kamarku. Shi ya sa ake ce masa Malam.

A ƙasarmu kiɗa yawanci gado ne. Ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi. Malam Mamman bai gaji kiɗa ba, so ne ya kai shi. Ya kama gurumi, ya ƙware, har sunansa ya kai ko'ina cikin Nijar da arewacin Nijeriya. Yana waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci. Daga baya ya yi aiki a Yamai, a cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya. A cibiyar nan ana adana kayan kiɗan gargajiya na dukan kabilun ƙasa.

In da wani ne, da ya ce ya isa haka. Yana da suna, ana jin shi a rediyo, ana gayyatarsa wasa. Amma sai hankalinsa ya koma kan wani abin kiɗa da ke gab da ɓacewa, can bakin Tafkin Cadi. Sunansa biram.

Mene ne biram?

Biram na Budumawa ne. Su mutanen tsibiran Tafkin Cadi ne, masunta da masu kiwon shanu. Su da kansu suna kiran kansu Yedina. Cikin biram an sassaƙa shi da itace, dogo kamar kwalekwale, an rufe shi da fata. Daga goshinsa wani lanƙwasasshen wuya ya tashi sama kamar baka. Tsirkiya biyar aka ɗaura daga wuyan zuwa cikin.

Ku lura da bambancinsa da gurumi. A gurumi da jita, tsirkiya tana kwance a kan wuya, ana danna ta don a sake murya. A biram kuwa tsirkiyoyi a sarari suke, kowace da tsawonta, kowace da muryarta. In kun tuna da doka ta farko, za ku gane cewa gajeriyar ita ce mai siririyar murya. Masu binciken tarihi sun ga zanen kayan kiɗa masu irin wannan siffa a jikin kaburburan Masar ta da.

A wurin Budumawa biram ba abin wasan yara ba ne. Bisa ga al'adarsu, akwai wani iska na tafki mai suna Kargila da ke tsaronsa. Ba kowa ake koya wa ba. Waƙoƙinsa suna zancen ruwa da kifi da tsuntsaye da shanu da jaruntakar kakanni. Mutanen da ba su rubuta tarihinsu a takarda ba, a cikin irin waɗannan waƙoƙi suke ajiye shi.

To, me ya sa biram ya kusa ɓacewa? A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Sai fari ya zo, na 1973 da na 1984. Ruwa ya janye, har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, ko da yake daga baya ya ɗan dawo. Masunta suka bi ruwa, garuruwa suka watse. Samari kuma suka sami rediyo da kaset. Tsofaffin makaɗa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna gabansu ya koya. A ƙarshe saura dattijo guda da aka sani ya iya biram sosai. Sunansa Bukar Tar.

Ku yi tunani a nan. In dattijon nan ya rasu, itacen biram ba zai ruɓe ran nan ba. Ana iya ɗaukarsa a kai shi gidan adana kayan tarihi, a rubuta sunansa a ƙasa. Amma wa zai san yadda ake ɗaure tsirkiyoyinsa? Wa zai san waƙoƙin? Ilimin yana cikin kan mutum guda da yatsunsa goma.

Malami ya koma almajiri

A 2002 hukumar UNESCO, wadda ke kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba Malam Mamman Barka taimako don ya je ya koyi biram. Daga Yamai zuwa Ngigmi, a yankin tafkin, wajen kilomita 1,500 ne. Ya tafi, ya nemi Bukar Tar, ya same shi.

A lokacin Malam Mamman ya haura shekara arba'in. Sananne ne, malami ne. Amma ya zauna a ƙasa gaban tsoho kamar ɗan aji ɗaya. Shi ba Babudume ba ne, don haka sai da aka yi masa abubuwan da al'ada ta tanada kafin a yarda ya taɓa biram. Ya koyi ɗaurin tsirkiya, ya koyi kaɗawa, ya haddace waƙoƙi cikin harshen da ba nasa ba. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa mai ilimi. Da dattijo ya ga almajirinsa ya iya, sai ya ba shi biram ɗinsa. Bayan haka Bukar Tar ya rasu. Da Malam Mamman ya yi jinkiri na ƴan shekaru, da ya tarar da kabari.

Bai ɓoye abin da ya samo ba. A 2005 ya kaɗa biram a wani taron kiɗan hamada a Risani, ƙasar Maroko. A 2008 ya kaɗa shi a babban taron WOMAD a Ingila. Abokin tafiyarsa shi ne Umaru Adamu, gwanin kalangu da ƙwarya. A 2009 faifansu ya fito, aka sayar da shi ƙasashe da dama. Ta haka mutanen da ba su taɓa jin sunan Budumawa ba suka ji muryar biram, kuma aka adana waƙoƙin yadda na baya za su iya saurara.

Malam Mamman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. Allah ya jiƙansa.

Abin da za mu riƙe

Yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. Kyauta abu ne mai kyau, tafi ma yana da daɗi. Wanda ya sa aka ambaci sunan ƙasarsa a duniya ya yi abin yabo. Amma tafi ya kan ƙare da dare, kyauta kuma a ɗaki ake ajiye ta. Abin da ya fi daɗewa shi ne abin da makaɗi ya karɓa daga na gaba ya miƙa wa na baya. Bukar Tar ya tsare biram har ya sami wanda zai ba. Malam Mamman ya yi doguwar tafiya ya karɓa, ya kai shi inda duniya za ta ji. Rumbun makaɗi ke nan.

Amma faifai ba ya koyar da yatsu. Yana maimaita abin da aka ɗauka ne kawai, ba ya gyara wa almajiri kuskure, ba ya ƙirƙiro sabuwar waƙa. Abin kiɗa yana da rai ne muddin akwai mai koyonsa.

Wannan magana ba ta tsaya ga kiɗa ba. A unguwarku ko ƙauyenku akwai tsohon da ya iya wani abu wanda ba kowa ya iya ba. Wata ta san tatsuniyoyi, wani ya san sunayen itatuwa da amfaninsu, wani ya iya jima ko saƙa ko gini. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku kuwa kuna da abin da yawancinsu ba su samu ba: kun iya rubuta harshenku. Ku je ku gaishe su, ku tambaya da ladabi, ku rubuta abin da suka gaya muku tun suna nan.

Kalmomi

Tsirkiya: zare ko waya da ake ɗaurawa a jikin baka ko abin kiɗa.
Jaki: ɗan itacen da ke tokare tsirkiya a kan fata.
Izga: gashin wutsiyar doki da ake goga wa goge.
Amo: abin da kunne ke ji in wani abu ya motsa iska.
Alfahari: jin daɗin da mutum ke yi saboda wani abin kirki nasa.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.

Tambayoyi

1. Kawo sunayen kayan kiɗan tsirkiya huɗu na ƙasarmu, da yawan tsirkiyar kowanne.
2. Mene ne amfanin ƙoƙo da fata a jikin gurumi?
3. Waɗanne abubuwa uku ke sake muryar tsirkiya?
4. Da me Mdu Muktar ya haɗa jitarsa ta farko?
5. Ina bambancin biram da gurumi?
6. Me ya sa biram ya kusa ɓacewa?
7. Shekara nawa tsakanin tafiyar Malam Mamman Barka Tafkin Cadi da fitowar faifansa?
8. A cikin makaɗan da muka ambata, aikin wa ya fi burge ka? Faɗi dalili.

Aiki

Na farko: ku kasu gungu-gungu, mutum huɗu huɗu. Kowane gungu ya kawo gwangwanin kifi, da ƙyallen fata, da sanda, da zare mai ƙarfi. Ku haɗa kuntigi. Ku auna tsawon tsirkiyar da santimita, ku danne ta a tsakiya, ku saurari yadda murya ta sake. Ku yi hankali da bakin gwangwani, yana yanka.

Na biyu: ku zana taswirar Nijar a cikin littafinku. Ku nuna Yamai, Tawa, Agadas, Damagaram, Gure, Tasker, Ngigmi da Tafkin Cadi.

Na uku: ku nemi makaɗi ko wani mai sana'a dattijo a unguwarku. Ku tambaye shi wa ya koya masa, shekara nawa ya yi yana koyo, wa yake koya wa yanzu, kuma wane aiki nasa ya fi so a tuna da shi. Ku rubuta amsarsa cikin layi goma, ku karanta wa aji ran Litinin.